Darasi na Ɗaya a Gangar Baffa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tara mutane a Mubi don in nuna masu hanyar arziki, na ƙare da tiƙar rawa a gabansu ni kaɗai, cikin kwat ɗin aro. Har yau in abin ya faɗo mini a rai ina cikin keke napep, sai in ji na ce "kai!" da ƙarfi, direba ya waiwayo yana tambaya ko nan zan sauka.

A lokacin, wajen shekara biyu ke nan da 'yan bindiga suka shigo gari muka watse, wasu kan duwatsu, wasu Yola, wasu Kamaru. Mun dawo, kasuwa ta fara ci, amma aiki babu. Ni kuwa ga takardar karatun kwamfuta a jaka, ga baki. Kullum ina shagon Alhaji Modu, wani ɗan Barno mai sayar da wayoyi, ina cin arzikin cajinsa. A nan na karanta a intanet cewa a ƙasashen waje mutane suna samun riba da koyar da kiɗa a shafi. Ka ɗauki bidiyo sau ɗaya, ɗalibai su yi ta biya suna kallo, kai kana barci. Wannan "kana barci" ɗin shi ya tafi da hankalina. (A sani, ban iya kiɗa ba. A coci ma an taɓa roƙona in rage tafi, wai ina rikita mawaƙa.)

Amma ina da Baffa Ishaku, wan mahaifina, a ƙauyenmu bayan Gella. Makaɗi ne tun kafin a haife ni. Biki, gayya, girbi, duk gangarsa ake nema. Na ce to ai ga haja a gida. 'Yan yankinmu da ke Legas da Abuja suna kewar gida, Turawa kuma a tunanina sun gaji da fiyano. Na zayyana wa Alhaji Modu duk wannan har yawuna ya bushe.

Ya ce, "Wallahi yaro, wannan kasuwa ni ban gane shi ba. Amma ka nuna min mutane suna so, zan sa hannu." Ya ara mini waya mai kyamara mai kyau.

Sai dai gidan Baffa ba gidan kiɗa ba ne a lokacin. Ɗansa Bitrus, sa'ana, yana acaɓa a Mubi ranar da gari ya tashi, kuma tun daga ranar ba wanda ya sake ganinsa. Mama Rifkatu, mahaifiyarsa, ta ce yana Kamaru, hanya ce ba ta buɗe masa ba. Ta hana a yi zaman makoki, ta hana a yi mata gaisuwa. Duk wanda ya fara "sai haƙuri" sai ta tashi ta bar masa wurin. Dangi suka bi ta a haka, don kowa ya san wannan zaton ne yake tashinta da safe. Ni ma na sani. Ina maimaitawa don kada a yi mini uzuri: na sani sarai.

Ranar ɗaukar bidiyo Baffa ya yi mini kara. Ya buga na biki, ya buga na gayya, ya buga na girbi, hannunsa yana gudu har kyamarar ba ta kama shi da kyau. Ina ta jin daɗi, amma can ƙasan raina ina tunanin wane mai koyo ne zai iya wannan gudun. Da rana ta karkata Mama ta ɗauki tulu ta nufi mayo, wato rafi, ɗiban ruwa. Baffa ya bi ta da ido har ta ɓace, sannan ya ɗauki gangar ya zagaya bayan rumbu. Ni kuma, ɗan kasuwa, na bi shi da waya a kunne.

Ya yafa wa gangar wani tsohon ƙyalle, ya zauna a ƙasa, ya fara bugawa a hankali. Bugu uku, ya tsaya. Bugu uku, ya tsaya. Sautin can ƙasa, ba ado, ba gaggawa. Wallahi farin ciki ne ya kama ni. Na ce a raina, yauwa, ga darasin masu koyo! Ko ni zan iya wannan. Idona yana kan hannunsa kawai, ina lura kada batir ya mutu.

Da ya gama ya ɗago ya gan ni. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Wannan ba na waya ba ne."

Na ce, "To, Baffa." Irin "to" ɗin da muke ce wa manya, wanda ba ya wuce leɓe. Na ɗauka kunya yake ji a ga ya yi sanyin hannu, irin na tsofaffi masu son a ce har yanzu da sauransu. Ni ɗan birni ne. Jana'izar da na sani ta mawaƙan coci ce da lasifika, ban taɓa zama na ji abin da ake bugawa a ƙauye ba.

Na dawo Mubi na haɗa shafi. Na sa wannan kiɗan a farko, na rubuta masa suna da manyan baƙaƙe, "Darasi na Ɗaya: Kiɗa Mai Sauƙi Don Masu Koyo", har da hoton furanni a gefe. (Furannin nan suna cikin abubuwan da nake roƙon gafara a kansu.)

Sai bikin buɗewa. Na samu aron aji a wata firamare ranar Asabar da la'asar, na yi hayar janareta da majigi da lasifika. Na gayyaci ɗalibai, na gayyaci shugabannin mawaƙa, na ajiye wa Alhaji Modu kujera mai hannu. Don taro ya yi armashi na aika ƙauye a zo da Baffa a matsayin babban baƙo. Ya zo da hularsa ta zuwa coci, Mama Rifkatu ta biyo shi da ƙawayenta huɗu na zumuntar mata, duk da zane iri ɗaya. An ce rabon da ta shigo Mubi tun kafin gudun. Saboda ni ta zo, wai ɗan ɗakinta ya zama mutum.

Na yi jawabi mai tsawo a kan riba. Na ce babu hayar shago, babu kayan da zai ruɓe, babu wanda zai zo ya ƙona maka haja. Na ce kiɗa ɗaya za a sayar sau dubu bai ƙare ba. Aka tafa, kaina ya ƙara girma. Sai na ce, "Yanzu kowa ya shirya hannunsa, za mu koyi darasi na ɗaya tare."

Na kunna. Na juya wa jama'a baya ina fuskantar bango, na fara tafi. Bugu uku, tafi. Bugu uku, tafi. Na ji ɗalibai biyu ko uku sun kama, sai na ƙara wuta. Na saki kafaɗa, na karya ƙugu, na ja da baya na dawo, ina ihu, "A tafa! Mama, a tafa mana!" Kwat yana ta ƙara a hammata ban kula ba. Can na lura tafin nawa ne kaɗai ya rage. Na ce ko kunya ce, bari in ƙara masu ƙarfin gwiwa, na yi wani juyi da ban san na iya ba.

Juyin ne ya haɗa ni da fuskokinsu. Matan zumunta sun rufe baki da gefen zane. Baffa ya cire hula ya sunkuyar da kai. Na waiwaya bango, sai na ga abin da ƙaramar waya ta ɓoye mini: fuskar Baffa, ƙatuwa, ta cika bango, hawaye yana bin gemunsa yana ɗiga kan ƙyallen.

Mama Rifkatu ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baban Bitrus. Wannan ganga na wane ne?"

Kiɗan kuwa yana ta tafiya, don na rasa inda ake tsayarwa. Na danna wani wuri sauti ya ƙaru. Alhaji Modu ne, Allah ya saka masa, ya fita da sauri ya kashe janareta.

A cikin shirun Baffa ya ce, "Shekara biyu, Maman Bitrus. Yaro ba zai huta ba in ba a buga masa ba."

Ta ce, "Ka sallami yarona a bayan rumbu, ni ina mayo." Sannan ta juyo gare ni, ta dube ni tun daga takalmi har wuyan kwat. "Kai kuma kana rawa."

Da ta zage ni da na ji sauƙi. Ta kwance ɗankwalinta ta riƙe a hannu, ta fita, matan suka bi ta. Ɗayarsu ta tsaya a bakin ƙofa ta gaya mini abin da kowane yaron ƙauye ya sani: kiɗan sallamar mamaci ne, sau ɗaya tak ake buga wa mutum, uwarsa tana zaune a wurin. Ni kuwa yanzu na gama alkawarin sayar da shi sau dubu. Ɗalibai suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya ina naɗe wayar lasifika, ina kwancewa, ina sake naɗewa, don in samu abin kallo. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba.

Alhaji Modu ya karɓi wayarsa, ya tura mini bidiyon a tawa ya goge a tasa. Abin da ya ce kawai, "Yaro, maganar riba ka bar shi." Na rufe shafin a daren Lahadi... a'a, ƙarya nake, tun kafin magariba na rufe. Ba wanda ya taɓa yin rajista, don haka ba wanda ya yi kewarsa.

Bayan mako biyu aka yi zaman makokin Bitrus. Na je don ba yadda zan yi, na maƙale wajen ɗaukar benci ina kauce wa idon kowa. Rana ta uku aka ce Mama tana kirana. Na same ta a ƙofar ɗakinta, ta rame, muryarta ta dushe. Na durƙusa na fara jero ban haƙuri, ta ɗaga hannu.

"Yana nan a waya?"

Na ce yana nan, amma yanzu zan goge.

"Kunna min tukuna. Ran nan ban ji ba, kana ta tafi a kai."

Na kunna na miƙa mata. Ta riƙe da hannu biyu, ta kara a kunne, ta saurara tun daga bugun farko har na ƙarshe. Ni ina durƙushe, ko yatsa ban motsa ba. Da ya ƙare ta miƙo mini ta ce, "To, goge." Na goge a gabanta, sannan ta bari na yi mata gaisuwa.

Yanzu gyaran waya nake yi a wata kusurwa ta shagon Alhaji Modu, kuma in wani yaro ya zo da labarin arzikin intanet ba na yi masa dariya, ba ni da bakin yi. Darasi ɗaya dai na samu a makarantar tawa, ni kaɗai ne kuma ɗalibinta: duk inda na ji ganga, sai na duba fuskar tsofaffin wurin kafin in motsa ƙafa.