Hancin Dakta Sansana

"Ni da kuke gani, hancina kaɗai ya fi duk na'urorin sashen nan aiki!" Haka Dakta Sansana yake cika baki kullum a ɗakin shan shayin malamai. Abokina, ofishina manne yake da nasa a sashen kimiyyar sinadarai, don haka kunnena ya sha wuya.

Burin mutumin nan ɗaya ne a duniya, ya zama farfesa. Tun ba a ba shi ba ya sa matarsa ta fara kiransa Farfesa a gida. Wai ya haɗa wani ruwa mai cire kowane irin tabo daga tufa, kuma wai duk mu 'yan hassada ne, jira muke mu sace. Sai gogan ya bi kwalaben ɗakin gwajinsa ya ɓare takardun sunan da ke jikinsu kaf. Kwalabe iri ɗaya, ruwa garai-garai iri ɗaya.

Shugabar sashe ta leƙa, ta dafe ƙirji. "Dakta, kwalba ba suna a ɗakin sinadarai? So kake ka hallaka mu?"

"Ranki ya daɗe, suna ai na masu mataccen hanci ne. Ni sansanawa ɗaya zan gaya miki sunan abu har da na kakansa."

Jami'a ta gayyato wani tsohon farfesa daga nesa ya duba aikin, kuma abin da ya yanke shi ne makomar Dakta. Ranar da baƙon ya iso, wallahi kamar an aiko ta, mura ta damƙe gwanin namu. Hanci ya toshe tamkar an cusa auduga.

Na ji tausayinsa, na ce, "Ka roƙa a ɗaga mana."

"Ka ji ɗan baƙin ciki! Hancina ko da mura ya fi naka lafiya lau."

Zaure ya cika maƙil. Matarsa tana layin gaba, ta ɗaga waya tana ɗauka. Baƙon yana zaune da farar kwat ƙal. Shugaba ta miƙo tsumma don gwaji, Dakta ya ture.

"Tsumma na matsorata ne. Ranka ya daɗe, ara mini kwat ɗinka."

Tsohon ya tuɓe, ya miƙa masa. Dakta ya shimfiɗa ta a tebur, ya kwarara mata tawada daidai aljihu. Ya ɗauki kwalba ya kai hanci, ya ja, ya sake ja, shiru kake ji. Ya gyaɗa kai irin na masana, ya zuba. Tabo ya koma jawur, ya bazu har kafaɗa.

"Matakin farko ke nan," in ji shi.

Ya zuba ta biyu. Wayyo hancina! Wani wari ya tashi kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ɗalibai suka yi rububin taga, Shugaba tana tari har da hawaye. Shi kaɗai ne bai ji komai ba, sai washe baki yake.

"Kun ji ƙamshi ko? Ni na ƙara masa."

Matarsa ta sauke waya. "Baban yara, don Allah ka bari haka!"

Ina! Ya rarumo ta uku ya juye duka. Sai ji muka yi shuuu, hayaƙi ya tashi, yadi yana narkewa muna kallo.

Tsohon farfesa ya taso a hankali, ya ɗaga kwat ɗinsa da yatsu biyu, ya leƙo Dakta ta cikin hujin da ke jikinta.

"Dakta, ina tabon?"

"Ya fita, ranka ya daɗe! Kowa shaida ne!"

"Ya fita kam. Ya tafi da aljihuna."

Kujerar farfesa ma ta bi aljihun. A bakin ƙofa na ji matarsa tana cewa, "Wuce mu tafi gida, Dakta." Yadda ta danna kalmar nan, ni kaina sai da na ji zafi.

Washegari Shugaba ta kafa doka, duk abu mai cutarwa a sashen nan dole a manna masa suna. Kafin azahar ɗalibai sun cika umarni. Dakta ya yini yana yawo, yana mamakin yadda kowa ke ba shi hanya, har ya ce mini, "Ka ga kwarjini ko?" Da ya juya na ga takarda manne a bayan rigarsa: "Haɗari. Kada a bar shi kusa da kwalba."