Sunan Jikata a Cikin Akuya

Ni da na koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, sai ga ni ina ɓoye saƙo a cikin hoto. 'Yata Hadiza, mai karatun kwamfuta, ita ta koya mini: ki rubuta, ki kulle da kalmar sirri, ki cusa a hoto, ba mai gani. Har tafiyata ta canza.

Da yayarta ta haihu, surukina ya raɗa mini cewa sunan mahaifiyarsa, Hajiya Maryam, zai sa wa jaririyar. Ya ce kada Hajiya ta ji sai ranar suna. Ƙanwata Ladi ta Zango kaɗai zan gaya wa, don ta buga sunan a robobin rabo.

Na cusa sunan a hoton akuyata, na tura zauren dangi a waya, ina murmushi. Kowa akuya ya gani.

Na zaci Ladi ta kasa buɗewa. Tausayinta ya kama ni, sai na danna saƙon murya, na ƙanƙantar da murya sosai: "Ladi, ki buɗe akuyar nan, mabuɗin 'gero' ne. In ta ƙi, kada ki wahala, Maryam ce."

A zauren na tura.

Amsar farko guɗa ce, daga bakin Hajiya Maryam kanta. Surukina ya rubuto: "Mama, da kin bar akuyar, ta fi riƙe amana."

Jikata har ta fara tafiya, amma duk wanda ya shigo gidana sai ya gaida akuyar tukuna: "Ranki ya daɗe, wane sirri Mama ta ba ki yau?"