Python Ɗin Aro

"...Lafiya lau, ya Goggo? Ya jikin nata? Ya gida? Ya... ya gida?"

"Gidan nan fa ka tambaye shi tun a ƙofa," in ji Rahinatu. "Kai bawana, wa ya mutu?"

Labaran ne take wa wannan tsiya, ɗan kawunta, injiniyan netwok na wata cibiyar jarrabawar kwamfuta a Wudil. Tun suna yara suke musun waye bawan wani, ba wanda ya taɓa sakar wa wani. Amma yau da la'asar shi ya kira ta har ɗakin saba, babbar kwamfutar da sauran ke aiki da ita. Ga sanyin esi, ga mutum yana zufa sharkaf, abin tausayi.

"Ba wanda ya mutu tukuna. Gobe da safe dai za a yi jana'izata."

"Madalla. Ni zan gaji babur ɗin."

"Rahinatu, ki ji tsoron Allah. Kwamfutocin zauren nan gaba ɗaya sun daina ganin saba. Gobe yara za su zo jarrabawa daga Utai, Lajawa, Dagumawa. Iyayensu sun san gidanmu."

"Me ka taɓa?"

"Wani ɗan shirin kwamfuta ne na yaren Python aka turo a gurup ɗinmu na WhatsApp. An ce yana saita suwic duka a lokaci guda, na'urorin nan da ke haɗa kwamfutocin da saba."

"Ka karanta shi?"

Ya girgiza kai.

"Inna lillahi! Kai da ka ce Python aikin malalata ne? Ka ce namiji hawa eriya yake da filaya a baki, mu kuwa 'yan taifin ne?"

"Har yanzu ba ki iya haɗa kan wayar netwok ba."

"To haɗa mana, mai gida. Ni na tafi."

"Tsaya, don girman Allah! Oga yana hanya daga Kano. In ya tarar da haka, na rantse sai dai in koma kasuwar kara jan shanu ranar Juma'a."

"Saniyar ma sai ta fi ka karatu. Tun yaushe nake ce maka ka koyi Python? Ko Bash ɗin nan da ake rubuta ƙananan umarni? Ban ce ka taɓa Go ba, na san kanka ba zai ɗauka ba."

Ta ja kujera tana dariya, amma da ta fara bin layukan sai dariyar ta ɗauke ɗif. Ƙanwarta Khaulat ma a zauren nan za ta zauna gobe. Janareta na ta ruri a waje.

"Me ya sa ka kunna janareta ga wuta?"

"Tsoro nake a ɗauke, komai ya ƙarasa lalacewa."

"Shirin nan ya goge saitinka, amma ban ga inda ya ce a adana ba. In aka kashe suwic ɗin aka kunna, tsohon saitin zai dawo."

"Kin tabbata?"

"In dai ba ka adana da hannunka ba."

"Ban... ina jin ban yi ba."

"Kana ji? Labaran, kana ji?"

Ya miƙa hannu ga makunnin suwic ɗin ya janye, ya sake miƙawa.

"Ke kashe."

"Ni? In ta ɓaci a ce 'yar mace ce? Kashe abinka!"

Ya yi bismilla, ya rintse ido, ya danna. Ɗaki ya yi tsit. Ya kunna. Fitilun suwic ɗin suka tsaya a ruwan lemo, suka ƙi motsi, har Rahinatu ta fara salati a fili. Can sai ɗaya ta koma kore, wata ta bi, sai ga su reras suna ƙiftawa.

Labaran ya sulale ƙasa ya zauna daɓas. Ya jawo ƙunshin soyayyen kifin bakin gada da ya kasa ci tun azahar, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Faɗi mana," ta ce.

"Ni ne bawan," ya ce yana dariya, ido taf da hawaye. "Ranki ya daɗe, yaushe za mu fara darasi?"

"In na gama kifina. Ɗebo min ruwa."