Rasuwar Kundin Baron Mai Tumbi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Illiassou na unguwar Guillotière a birnin Lyon, ɗalibi mai neman digirin dokta, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar abokin zamansa, tsohon kundin jaridu wanda aka fi sani da Baba Kundi. Ya rasu yana da shekara ɗari da 'yan kai, bayan doguwar jinya wadda ba wanda ya san yana yi. Wallahi an yi rashi.

An haifi marigayi a Paris, shafi-shafi, kowace Lahadi, a wata 'yar jarida da ba ta yi tsawon rai ba. Wani bawan Allah ya tattara fitowarta duka, ya ɗinke da bangon fata, sannan duniya ta manta da shi. A akwatin wani mai sayar da tsofaffin littattafai a bakin kogin Seine Illiassou ya tsince shi. Ya rungumo shi a cinya har Lyon, bai yarda an sa shi wurin kaya ba. Daga baya ya bi ɗakunan karatu yana neman ko da ɗan'uwansa guda, bai samu ba. Baba Kundi kaɗai ya rage a zuriyarsu.

Duk wanda ya zauna da shi zai shaida cewa bai taɓa tsoron mai kuɗi ba. A shafin baya na kowace fitowa akwai zane gida-gida, labarin Baron Gaudimard, attajirin layin dogo, mai doguwar hula da tumbi kamar randa. Yau ka ga Baron ya ratsa madafar wata gwauruwa da dogo, ya sa mata shinge, sai ta yanki tikiti kafin ta isa tukunyarta. Gobe ka gan shi yana bin talakawan da ke taragon baya, yana cewa su biya hayaƙin da suka shaƙa. Akwai ranar da ya ɗaura adiko a wuya ya cinye gada guda da cokali mai yatsu, jirgi na tafe. Illiassou, ɗan Damagaram, wato Zinder, garin da jirgin ƙasa bai taɓa takawa ba, yakan yi dariya har da hawaye, ya ce ai ya san Baron sarai, hula kawai ya canja. A kan waɗannan zane-zane ya ɗora bincikensa gaba ɗaya, a kan binciken kuma takardar zamansa a ƙasar nan take rataye.

Marigayi ba mai yawan magana ba ne. In an buɗe shi yakan ce ƙiiiƙ daga gadon baya, in an juya shafi ya ce kwaram, in an rufe ya sauke ajiyar zuciya, fuf, tare da ɗan ƙamshin tsufa. Wannan ƙiiiƙ ɗin ne ya jawo komai. Madam Inès, malamar da ke duba binciken, ta yi magana har ta gaji a kan a kwantar da shi a na'ura a ɗauki hoton kowane shafi. Illiassou ya gwada sau ɗaya, dattijo ya yi ƙara, sai ya ɗauke shi da sauri yana ba shi haƙuri. A gidansu ba a danne tsoho don ana sauri. Ya bari sai ya sami na'urar da ba ta banƙare baya, kuma har yau ana nema.

Ciwon ajali ya fara ne a farkon hunturu. Tafiya ta kama Illiassou zuwa Paris na 'yan watanni, ya bar wa amininsa Soumaïla ɗaki. Shi kuwa Soumaïla, ma'aikacin masana'anta a Saint-Fons, mutum ne da ba ya shan shayi sai ya shayar da tebur. Don haka Illiassou ya ɓoye dattijo yadda kakansa yake ɓoye littattafai a Zinder, inda abokan gaba biyu ne, gara da ƙura. Ya barbaɗa masa ganyen bedi, wato dogon yaro, ya naɗe shi a zane, ya ƙara da leda ya ɗaure tamau, ya sa a akwatin ƙarfe, ya ɗora a kan duwatsu a ɗakin ajiya na ƙarƙashin bene. Kai, ko garar da ta yi karatu ba za ta shiga ba! Abin da ya manta shi ne babu gara a Lyon. Danshi ne sarkin garin, kuma leda ta rufe su tare, shi da marigayi, har bazara.

Da ya dawo ya kwance, sai wari ya fara gaishe shi. Bango ya yi furfura, shafuka sun kumbura. A gida maganin littafin da ya jiƙa shi ne rana, to ranar Lyon ta ƙi fitowa, sai ya shimfiɗa shi a kan ƙarfen ɗumama ɗaki ya ƙure wuta. Kafin gari ya waye Baba Kundi ya zama tubali. An garzaya da shi wurin wata mai gyaran tsofaffin takardu, ta sa 'yar wuƙarta a gefen shafukan, ta girgiza kai. Shafi ɗaya ya yarda ya rabu, babu komai a kansa sai hular Baron tana iyo a cikin baƙin tabo. Dattijo bai sake cewa ƙiiiƙ ba.

Ya rasu ya bar babi huɗu marayu, suna ta bayani a kan hotunan da ba mai iya gani. Ya bar Madam Inès, wadda ta faɗi gaskiya cikin ladabi cewa alƙalan jarrabawa ba za su zauna a kan abin da mutum ɗaya kaɗai ya taɓa gani ba, kuma jami'a ba za ta ƙara masa shekara ba. Ya bar Soumaïla, wanda ya sha shayinsa hunturu guda bai ɗiga ko ɗigo a tebur ba, yana ta nuna wa masu gaisuwa. Ya bar Illiassou, wanda yake zama ya kama fensir don ya zano Baron daga ka, kullum sai tulu ya fito. Abin yana ci masa rai ƙwarai, ba ya ɓoyewa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan azahar. Babu wanka, ruwa ya riga ya yi aikinsa. Babu salla, ba a yi wa takarda. Za a ɗauko shi daga ɗaki a cikin zanensa, a sauko da shi tsakar gida, a sa shi a kwandon shara mai rawayan murfi inda hukuma ta ce takarda ta kwanta. Ana karɓar gaisuwa a ɗakin har magariba, mai zuwa ya taho da kofinsa.

Ba za a yi sadakar arba'in a Lyon ba, domin takardar zaman mai rashi ba za ta kai lokacin ba. Wanda ya so zuwa sai ya nemi gidan mahaifiyarsa a unguwar Birni, Zinder. Ana roƙon masu zuwa, don Allah, in suka ji tsohuwa tana kiransa Dokta, su amsa mata. Ba a gaya mata ba tukuna.