Maɓallan Parakou

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Litinin ba, ko da yake na jima ina ƙoƙari.

Ina aiki a wani biron taransi nan Malanville, kusa da gada, inda muke shirya wa 'yan kasuwa takardun duwan, wato kwastan, kafin motocinsu su ƙetara zuwa Gaya. Ni ne babba a wurin, ni ne kuma mai yawan labarin da. Buga rubutu a Parakou na koye shi ina saurayi, a kan wata tsohuwar na'ura mai baƙin gilashi da koren rubutu. Duk gyaran rubutu da maɓallan lambobi na gefen dama ake yin sa: wannan ya share layi, wancan ya yanke, na ƙasa ya sauko da kai. Hannun dama na yawo can shi kaɗai kamar na mai kaɗa gurmi, ɗakin shiru sai fanka. (Kowa a biro ya ji wannan labari daga bakina, wasu sau biyar.)

Wata Juma'a bayan masallaci kowa ya tashi, ni na zauna gaban ordinater ɗin biro, wato kwamfutar da ita kaɗai gare mu. Ta taga ina hango kogi kwance, kwalekwale biyu na tafiya kamar ba su son isa. Sai kewar tsohuwar na'urar ta kama ni. Na ɗauki waya na bincika, na gano akwai wata 'yar manhaja da ake sauya wa maɓallai aiki da ita. Na sa ta, na bi lambobin dama ɗaya bayan ɗaya ina mayar musu da aikinsu na Parakou. Gefen kowane umarni akwai wurin da mutum zai rubuta wa kansa tuni, na kuwa rubuta abin da ya zo mini a rai. Har la'asar ina buga rubutun banza don kawai in share shi. Yatsuna sun tuna komai. Na tafi gida kamar ana ɗauke da ni, ban mayar da kome yadda yake ba.

Litinin da hantsi sai ga Alhaji Mamman, tsohon mai hulɗa da mu, da motoci uku na abarba daga kudu za su Yamai. Balkisa, abokiyar aikina, ita ta zauna ta cike takardunsa. Ta rubuta suna lafiya, ta rubuta irin kaya lafiya. Da ta zo lambar mota ta danna tara, layi ya ɓace. Ta danna shida, sunan Alhaji ya tafi.

"Kawu, ku zo ku ga! Tana cinye rubutu!"

Kallo ɗaya na yi na gane. Da na ce ta yi amfani da lambobin sama, da an gama, amma sai a tambaye ni yadda na sani. Sai na gyara tabarau, na duƙa, na ce da murya irin ta masana, "Wannan cuta ce ta shige ta. Tana yawo sosai bana."

(Har yau in na tuna da "bana" ɗin nan sai in rufe fuska.)

Alhaji ya leƙa waje, rana ta fara dukan motocinsa. "Ɗiyata, abarba hwa ba ta san jira ba," in ji shi. Balkisa ta sake gwadawa, rabin shafi ya tafi, idonta ya cika da hawaye, tana rantsuwa ba ta taɓa wani abu ba. Alhaji ya yi addu'a ya tofa wa gilashin. Ni ma na ce amin.

Aka kira Sumaila, mai gyaran na'urori a kasuwa. Sai da azahar ta kusa ya iso a kan babur. Bai yi minti goma ba ya ce, "Ba cuta ba ce. Wani ya sauya maɓallai. Ga shi ma ya bar rubutu." Kafin in buɗe baki ya fara karantawa a hankali, da ƙarfi, yana bin layi da yatsa.

"Tara, share layi. Yadda Madam Selestin ta koya mini, ranar da hannunta ya taɓa nawa. Shida, yanke. Ƙamshin turarenta bayan ruwan sama. Sifili, sauka ƙasa. Ba ta taɓa sanin ina jiran ta a bakin ƙofa ba."

Kowa a biro ya san wane ne mai labarin maɓallan nan. Ni mai jikoki huɗu, da furfura har a gira.

Balkisa ta share hawayenta, ta dube ni. "Kawu, duk labarin Parakou da kuke ba mu, ita ba mu taɓa jin ta ba."

"Malamar buga rubutu ce," na ce. Muryata ta fito kamar ta ɗan akuya.

Alhaji bai yi dariya ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Cewa ya yi, "Malam, da ka hwaɗi tun da sahe, da motocina na Gaya yanzu."

Sumaila ya cire manhajar. Na ba Balkisa haƙuri gaban kowa, na karɓi takardun na kai duwan da ƙafata. Motocin sun ƙetara da yamma, amma abarbar da ke sama ta yi laushi. Washegari Alhaji ya aiko da kwando guda na masu laushin har gidana, aka ce wa matata tsaraba ce daga Madam Selestin. Sati guda na yi ina bayani, ina kuma cin abarba.

Abin da na koya shi ne, in kewar ƙuruciya ta taso wa mutum, ya yi ta a cikin kansa, can babu mai gyara da zai zo ya karanta wa jama'a.