Kifayen Injiniya Bawa da Duhun Kicin

Abokinmu Injiniya Bawa na Tudun Wadan Zariya mutum ne da in abu ya shiga ransa, to sai dai a yi haƙuri da shi. Da ya yi ritaya daga aikin lantarki muka ɗauka zai kama kiwon kaji kamar kowa. Ina! Sai ya sa aka ƙera masa tankin gilashi mai tsawon ƙafa takwas a falo, ya cika shi da ruwa da duwatsu da ciyayi, ya yo odar kifayen ado daga Legas. Fitilar da ake sayarwa a kasuwa kuwa ya ce ba ta dace da kifayensa ba, shi da hannunsa zai haɗa musu tasu.

Wata uku yana abu ɗaya. Ya jera ƙananan fitilun LED ɗari uku a kan sandunan alminiyam, yana liƙa waya da dalma har gidan ya koma ƙauri. Ya sa 'yan fankoki don kada fitilun su yi zafi. Ya haɗa musu agogo, da safe haske ya riƙa fitowa a hankali kamar ketowar alfijir, da rana ya yi fari tas, da yamma ya yi ja-ja ya lafa. In ka tambaye shi dalili sai ya dube ka da tausayi, ya ce kifi yana razana in aka kunna masa wuta farat ɗaya.

To, duk wata ukun nan kicin ɗin matarsa Hajiya Lantana babu wuta. Mazaunin ƙwan fitilar ne ya ƙone, ga katangar maƙwabci ta toshe taga, ko da rana tsaka sai da lalube. Tocilan waya take jinginawa cikin kofi ta yi girki, har ta yanke yatsa sau biyu. Kullum ta yi magana sai ya ce, "Aikin minti biyar ne, Hajiya, bari in gama da na kifin nan." Da ta ce za ta kira mai gyara daga bakin titi kuwa sai ya yi tsalle ya dire. A gidan injiniya a kira wani ya taɓa waya? Ya ce sai dai bayan ransa. Ni kaina na ji haushin abin, amma wa ya isa ya gaya masa?

Ran Lahadi bayan la'asar ya tara mu, mu bakwai, don mu ga aiki. Gaskiya abin ya yi kyau, ba na hana shi yabonsa. Ruwan yana ƙyalli, kana iya ƙirga ƙayar bayan kowane kifi. Injiniya ya tsaya da rimot a hannu yana ta bayani, yana cewa launin shuɗi ga amfaninsa, fari ga nasa.

Ana cikin haka sai muka ji sallama. Hajiya Lantana ce da mayafinta, kujera 'yar tsugunno a hannu ɗaya, faranti a ɗaya. Ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi, ta dasa kujerar dab da gilashin, ta zauna. A farantin akwai karfasa manya guda huɗu da wuƙa. Ta kama kankare su hankali kwance, ɓawo yana tsalle a kan kafet.

Injiniya ya juyo ya dube ta.

Ya ce, "Hajiya, lafiya? Ba ki ga baƙi ba?"

Ta ce, "Na gan su sarai, ai abincinsu nake yi. Nan ne kaɗai nake ganin bakin wuƙa, ka ga yatsun nawa goma ne kawai."

Wani cikinmu ya yi tarin ƙarya don ya danne dariya. Ita kuwa ta farke cikin karfasa ɗaya ta zaro kayan ciki, kifayen ado suka taru a jikin gilashi suna kallo.

Injiniya ya dafe kai. Ya ce, "Haba Lantana! A gabansu? Wata uku ina lallaɓa su don kada su razana, ke kuma kin zo kina feɗe 'yan'uwansu a kan idonsu!"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Bar su su gani, Injiniya. Gara su sani tun yanzu, a gidan nan duk wanda ya shiga kicin, haskensa ya ƙare."