Buhu Ashirin na Sale Direba

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da alli ya tona mini asiri a ajin manya na Maska. Da furfurata na shiga ajin (a aji huɗu na firamare na tsaya, shi ma da bulala aka kai ni).

Malamarmu Rifkatu, wadda ba ta kai 'yar autata shekaru ba, ta karanta mana tambaya: a-kori-kura ba ta ɗaukar fiye da buhu ashirin, an riga an ɗora shida na waken suya. A rubuta yadda buhunan masara za su shiga. Ta ce a kira masarar "m", a zaɓi alamar "kada ya wuce" ko ta "ya kai ko ya fi".

Na miƙe ina gyara babbar riga. Shekara arba'in ina lodin masara zuwa Funtua, wa zai koya mini? Na rubuta m + 6 ≥ 20, har da ja masa layi.

"Baba, ka juya alamar. Motar ba ta wuce ashirin."

"Malama, ke takarda kika sani. Direban da ya ce ashirin, ashirin da biyar yake nufi. Daga ashirin ake fara ciniki!"

Sai aka yi gyaran murya a bencin baya. Sale direba ne (na manta sam shi ma ɗan ajin ne).

"Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ashe da wannan lissafin aka karya mini sifirin ƙafar mota bara."

Gaskiyar ita ce bara Sale ya ce mini ashirin, ya tafi salla, na sa aka cusa bakwai a ƙarƙashin tampol. A kwalbatin hanyar Mahuta motar ta durƙusa. Ni kuwa na bi gari ina cewa gangancinsa ne, har mutane suka daina ba shi kaya. Bai taɓa musa mini ba, don ni abokin mahaifinsa ne.

Ga shi yanzu na rubuta shaidar da hannuna, da manyan baƙi.

Na goge alamar da hannun riga, na juya ta: m + 6 ≤ 20. Na ce, "Sha huɗu ko ƙasa da haka. Jama'a, Sale bai yi ganganci ba. Ni na ƙara bakwai. Sale, ka yafe mini."

"Na yafe tun bara, Baba. Amma gobe ni zan ƙirga."

Aka fashe da dariya, ni ma na yi. Wallahi sai na ji kamar buhunan nan bakwai a wuyana suke, aka sauke.

A kakar nan kayan unguwarmu duk Sale ya kwashe. Ni kuma na koyi cewa idan aka ce ashirin, ashirin ɗin ne, kuma kafin in yi gardama a aji, in waiwaya in ga wa ke bencin baya.